Gyaran Turmin Haƙori da Inle ko Onle, Daga Ranar Duba Zuwa Ranar Tauna

Idan kogo ya ci turmin haƙori, abu uku aka fi ji a bakin mutane: a cike, a sa masa hula, ko a cire a huta. Akwai hanya ta huɗu tsakanin ciko da hula, kuma ita ta fi dacewa da haƙorin da raminsa ya yi faɗi amma bangonsa bai gama zubewa ba. Likitocin haƙori suna kiranta inle da onle. Su ma ciko ne, sai dai ba a cikin baki ake cuɗa su ba. Ana ɗaukar awon ramin, a ƙera abin da zai toshe shi a waje, ya taurare sarai, sannan a kawo a manne.

Ka shafa saman turminka da harshe, za ka ji tudu-tudu da kwari a tsakaninsu. Manyan turame suna da tudu 4 ko 5, ƙananan da ke gabansu kuma galibi 2. Inle a cikin kwarin yake zama, ba ya hawa tudu. Onle yana cike ramin, ya haura ya rufe tudu ɗaya ko fiye. Hula kuwa sai an sassaƙe haƙorin ta kowane gefe sannan a kifa masa ita gaba ɗaya.

Me ya sa ba za a cike kawai ba?

Ƙarfin turmi yana cikin haɗuwar bangonsa. Muddin gefen gaba da na baya suna nan, tudun da ke wajen kunci da wanda ke wajen harshe suna riƙe da juna. Wani gwaji da aka wallafa a 1989 ya nuna cewa ramin da ya ratsa haƙori daga gaba zuwa baya yana rage masa tauri da kimanin kashi 63 cikin ɗari, alhali aikin cire jijiya shi kaɗai bai wuce kashi 5 ba. Ke nan ba mutuwar jijiya ke raunana haƙori ba, rashin bango ne. Babban ciko a irin wannan rami yana aiki ne kamar ƙarfen da mai faskare ke kafawa a tsagar icce: duk tauna ɗaya yana ƙara buɗa bangon, har wata rana mutum na cin ɗumame kawai ya ji "ƙas". In an yi sa'a tudu ɗaya ne ya ɓalle. In ba a yi ba, tsagar ta gangara har saiwa, kuma wannan sai cirewa.

Onle yana hana haka domin ya hau kan tudun ya ɗaure su wuri guda, nauyin tauna ya sauka a kansa ya bazu.

Akwai kuma matsalar farin ciko na yau da kullum. Lokacin da ake haska masa shuɗiyar fitila yana taurarewa, yakan ɗan tsuke, kimanin kashi 2 zuwa 3 cikin ɗari na girmansa. A ƙaramin rami wannan ba komai ba ne. A babba kuwa yana iya jan bango ko ya bar 'yar kafa a baki, inda ruɓa ke komawa. Abin da aka ƙera a waje ya riga ya gama tsukewarsa kafin ya shiga baki.

To me ya sa ba za a sa hula ba? Saboda hula tana cin haƙori mai lafiya. Awon da aka yi ya nuna cikakkiyar hula tana lashe kimanin kashi biyu cikin uku na saman haƙori ko fiye, onle kuwa ƙasa da rabi. Haƙorin da aka gurje ba ya tsirowa. Wanda aka yi wa onle yana da sauran dama, in ya lalace bayan shekaru a sa hula. Wanda aka fara da hula, damarsa ta ragu.

A ganina, cikin biyun onle ne ya fi cancantar kuɗinsa. Yawancin ramukan da inle zai toshe, farin ciko mai kyau a hannun likita mai haƙuri zai toshe su, a zama ɗaya, da kuɗi kaɗan. Amma inda tudu ya yi siriri ko ya tsage, babu cikon da zai yi aikin onle.

Mataki na farko: duba

Kada ka yarda a fara gurza kafin a yi hoto. Likita zai duba da madubi da ɗan tsinken ƙarfe, ya ɗauki hoton eksire domin ya ga zurfin ruɓar da kusancinta da jijiya, ya ɗora wa haƙorin auduga mai sanyi, ya ƙwanƙwasa shi, wani lokaci ya ba ka wani abu ka ciza a kan tudu ɗaya-ɗaya don ya gano mai tsaga.

Amsar da za ka ba shi ita ce rabin binciken, saboda haka ka lura tun daga gida. Zafin da ke zuwa da ruwan sanyi ya wuce cikin 'yan daƙiƙu yana nuna jijiya na iya farfaɗowa. Zugin da ke tada mutum tsakar dare, ko wanda ke daɗewa bayan an sha shayi, ko kumburin dasashi, alama ce jijiyar ta kamu. A nan sai an fara aikin jijiya, a wanke saiwa a toshe, kafin a zo maganar onle. Rufe haƙori mai ruɓaɓɓiyar jijiya da kaya mai tsada asarar kuɗi ce, kuma ciwon na nan tafe.

Ka faɗa masa in kana da ciwon suga ko hawan jini, in kana shan maganin tsinka jini, in allurar kashe zafi ta taɓa ba ka matsala. Mai juna biyu ta faɗa kafin hoto. In iyali sun ce kana gurza haƙora cikin barci, wannan ma ka faɗa, domin yana canza kayan da za a zaɓa.

Ba kowane baki ne ya dace da wannan aiki ba. Wanda kogo ke fito masa nan da can, dasashi na jini, datti ya daskare a gindin haƙora, sai an fara wanke baki an shawo kan ruɓar. Haka nan in ramin ya nutse can ƙasan dasashi inda ba za a iya tsane yawu da jini ba, mannewa ba za ta yi kyau ba.

Mataki na biyu: zaɓen abin da za a ƙera

Zinare shi ne tsohon hannu. A 1907 wani likitan haƙori na Chicago a Amurka, William Taggart, ya gabatar da hanyar zuba shi: a sassaƙa siffar cikon da kaki, a lulluɓe da abin da ke jure wuta, a narkar da kakin ya fita, a zuba narkakken zinare a gurbinsa. Ba tsantsa ake amfani da shi ba domin ya yi laushi, ana gauraya shi da azurfa da jan ƙarfe da makamantansu. Ba ya fashewa, ba ya cinye haƙorin da ke karo da shi, ba ya buƙatar kauri sosai, kuma yana iya shekaru gommai. Aibinsa tsada da launi. Kada a haɗa shi da haƙorin Makka da alhazai ke dawowa da shi: wancan kwalliya ce da ake kifawa a haƙori mai lafiya, wannan magani ne da ake yi wa awo daidai da rami.

Tangaran shi ya fi yawa yanzu, domin launinsa launin haƙori ne kuma goro da shayi ba sa rina shi da sauƙi. Wanda aka fi sani shi ne e.max na kamfanin Ivoclar, da ya fito a 2005. Yana da tauri amma ba ya lanƙwasa, in ya yi siriri sai ya fashe, shi ya sa yake buƙatar kaurin milimita 1.5 zuwa 2. Wani nazari da ya tattara bincike da dama, wanda aka wallafa a 2016, ya nuna kimanin 9 cikin 10 na inle da onle na tangaran suna nan daram bayan shekara 10, kuma fashewa ce kan gaba wajen lalata sauran.

Na uku shi ne irin kayan farin ciko, amma wanda aka taurara a waje. Ya fi araha, yana da sauƙin faci in ya ɓantare, sai dai yana saurin goguwa da canza launi.

Ga mai gurza haƙora da dare, ko turmin can ƙurya da ba mai gani, zinare ya fi. Ga ƙananan turame da ke leƙowa in an yi dariya, tangaran.

Mataki na uku: gyaran rami

Za a yi allurar kashe zafi. Turmin ƙasa yakan sa leɓe da rabin harshe su yi nauyi, na sama kuwa kunci ne kawai. Daga nan likita zai kwashe tsohon ciko in akwai, ya bi ruɓar har ya taɓa wuri mai tauri. Mutane da yawa suna zuwa ne da tsohon baƙin ciko, wanda kusan rabinsa zaiba ce. Duniya na janyewa daga amfani da shi tun yarjejeniyar Minamata ta 2013, wadda ƙasashe suka ƙulla don rage amfani da zaiba, amma wannan ba dalili ba ne na tono wanda ke zaune lafiya. Sai in ya tsage, ko bakinsa ya buɗe, ko ruɓa ta shiga ƙarƙashinsa.

Sau da yawa a nan ne ake yanke hukunci na ƙarshe. Sai an kwashe komai ake ganin ainihin kaurin bangon da ya rage. Likita na iya ajiye kayan aiki ya ce, "Alhaji, ramin ya fi yadda hoto ya nuna, tudun nan ba zai ɗauki tauna ba, sai mun rufe shi." Ba wayon ƙarin kuɗi ba ne dole. Ka roƙi ya nuna maka a madubi ko a hoto, kuma tun kafin a fara ku yi maganar kuɗin inle da na onle duka biyu, don kada ciniki ya same ka da baki a buɗe.

Siffar ramin ta bambanta da ta ciko. Dole bakinsa ya ɗan fi gindinsa faɗi, babu lungu, domin abin da aka ƙera ya shiga ta sama salin-alin. Kusurwoyin ciki ana mulmula su, saboda tangaran daga kaifin kusurwa yake fara tsagewa. Tudun da za a rufe ana rage masa tsawo gwargwadon kaurin da kayan ke buƙata.

Mataki na huɗu: awo da cikon wucin gadi

Awo iri biyu ne. Na gargajiya, ana zuba wani abu mai laushi a ɗan faranti mai siffar baki, a danna a kan haƙora, a jira 'yan mintuna ya kama. Mai saurin tashin zuciya ya sunkuyar da kai kaɗan ya yi numfashi ta hanci. Ana auna haƙoran da ke karo da shi su ma, da yadda sama da ƙasa ke haɗuwa. Na zamani kuwa 'yar kyamara ce ake zagayawa da ita, siffar haƙorin ta fito a kwamfuta. Launi ana zaɓensa ne da jerin samfuran haƙora, kuma gara a yi haka tun farkon zama, domin haƙori in ya bushe yana ƙara haske.

Sai a toshe ramin da na wucin gadi, galibi na mako ɗaya zuwa biyu. Da gangan ba a manne shi da ƙarfi. Ka bar cingam, alewa mai danƙo, dabino da kilishi a wannan ɓangaren. In za ka sa zaren sakace, ka zare shi ta gefe, kada ka fizgo sama. In ya faɗi ka koma a mayar, ko da ba ka jin zafi: haƙora suna matsawa kaɗan-kaɗan, kuma matsawar da ido ba ya gani ta isa ta hana ƙirar shiga.

Kanumfari yana kwantar da zugin haƙori, gaskiya ne, amma kada ka cusa shi ko mansa a ramin da ake shirin mannewa. Sinadarin da ke cikinsa yana iya hana gam ɗin taurarewa yadda ya kamata, shi ya sa likitoci ma suke guje wa simintin wucin gadi mai ɗauke da shi a irin wannan aiki.

Mataki na biyar: ƙira

Wannan ba a gabanka ake yi ba, amma rabin ingancin aikin a nan yake. Maƙerin haƙori zai zuba filasta a awon ya fitar da siffar bakinka, ya gina cikon a kai. Akwai kuma injin da ke sassaƙa shi daga dunƙulen tangaran bisa umarnin kwamfuta. Werner Mörmann da Marco Brandestini ne suka ƙirƙiro irin wannan tsari, mai suna CEREC, a Jami'ar Zurich, aka fara yi wa majiyyaci aiki da shi a 1985. Asibitin da ke da irinsa yana gama komai a zama ɗaya, babu wucin gadi. Saurin abin so ne, amma inji ba ya gyara ramin da aka sassaƙa ba daidai ba.

Mataki na shida: gwaji da mannewa

Za a cire na wucin gadi, a share ramin, a ɗora ƙirar ba gam. Kada ka ciza sai an ce ka ciza, tangaran da ba a manne ba yana iya darewa. Likita zai bi bakinta da tsinken ƙarfe, bai kamata tsinken ya maƙale ko ya faɗa kafa ba. Zai ratsa zare tsakaninta da haƙorin da ke maƙwabtaka. Zaren ya ɗan tirje sannan ya wuce da 'yar ƙara, haka ake so. In ya wuce sululu, akwai giɓi, kuma nama zai riƙa maƙale maka a wurin kullum har dasashi ya kumbura. In ka ga haka ka yi magana yanzu, kafin gam. Ka karɓi madubi ka dubi launi.

Mannewa aiki ne na tsari, kuma babban abokin gabarsa yawu. Shi ya sa ake so a shimfiɗa 'yar roba mai huda, haƙorin ya leƙo ta ciki shi kaɗai, sauran baki na ƙarƙashi. Dabarar ta tsufa, tun 1864 ake amfani da ita, amma har yau babu abin da ya fi ta tsane wuri. Cikin tangaran ana shafa masa wani asid mai ƙarfi a wajen baki don ya yi kaushi, a wanke, a shafa sinadarin da ke haɗa shi da gam. Haƙorin ma ana shafa masa nasa asid ɗin na 'yan daƙiƙu, a wanke, a sa ruwan manni. Sai a zuba gam, a danna ƙirar ta zauna, a share rarar da ta tsattso, a haska fitila ta kowane gefe. Rarar da aka bari tsakanin haƙora tana taurarewa ta zama matattarar datti, saboda haka in ka ga ya daɗe yana karce-karce da zare, aikinsa yake yi. Zinare bai buƙatar duk wannan, siminti na yau da kullum yana riƙe shi.

Mataki na bakwai: daidaita cizo

Za a sa maka wata siririyar takarda mai shuɗi ko ja a ce ka ciza, ka ƙwanƙwasa, ka goga hagu da dama. Inda haƙora suka haɗu tabo zai fito. In tabon da ke kan sabon aikin ya fi na sauran kauri, wurin ya yi tudu, sai a rage a goge ya yi santsi. Matsalar ita ce bakinka a mace yake, ba lalle ka ji daidai ba. Bayan allura ta sake ka, in ka rufe baki ka ji wannan haƙorin ne ke fara taɓawa, ka koma cikin 'yan kwanaki. Kada ka ce zai saba. Tangaran ba ya goguwa da wuri, haƙorin ne zai fara ciwo, ko ƙirar ta tsage. Gyaran na 'yan mintuna ne.

Bayan an gama

Kada ka ci abinci sai leɓe ya farfaɗo, galibi awa 2 zuwa 4, don kada ka tauna kuncinka ba ka sani ba. Jin sanyi a haƙorin na kwanaki ko 'yan makonni ba abin tsoro ba ne muddin yana raguwa. Farasitamol ya isa. Mai gyambon ciki ya guji ibuprofen sai da izinin likita, kuma kada a ɗora ƙwayar asfirin a kan dasashi, ƙona shi take yi.

Onle ba ya ruɓewa, amma haƙorin da ke ƙarƙashinsa yana yi, kuma daga bakin haɗin take farawa. Buroshi sau biyu a rana da man goge baki mai fuloraid, na manya yakan ɗauki kimanin 1,450 ppm, wato ma'aunin yawan fuloraid da ake rubutawa a jikin kwali. Ka tofar, kada ka kurkure da ruwa nan take. Asuwaki yana share saman haƙora da kyau, amma ba ya shiga tsakaninsu, nan aikin zare ne, kuma zare ya fi tsinken sakace da ke raunata dasashi. Game da zaƙi, yawan maimaitawa ya fi yawan adadi ɓarna: mai kurɓar shayi mai suga daga safe har yamma bakinsa ba ya samun sararin farfaɗowa daga asid ɗin da suga ke haifarwa.

Fasa ƙashi don bargo, buɗe kwalba da haƙori, tauna ƙanƙara, ɓare rake, gwaguyar goruba da busasshiyar aya, duk a bar su. Mai gurza haƙora ya nemi robar da ake kwana da ita a baki. A riƙa komawa duba duk wata shida zuwa shekara.

Ka koma da gaggawa in zugi ya fara tada kai da dare, in fuska ko dasashi ya kumbura, in zafi na ƙaruwa maimakon raguwa, ko in kana jin suka lokacin da ka saki cizo.

Inda ake yi, da abin tambaya

A nemi sashen gyaran haƙori na asibitocin koyarwa, irin su na Malam Aminu Kano a Kano da na Jami'ar Maiduguri, inda ake horar da likitocin haƙori, ko asibiti mai zaman kansa da likitansa ke da rajista da hukumar MDCN, mai yi wa likitoci da likitocin haƙori rajista a Najeriya. Kuɗin ya ninka na ciko, domin akwai kuɗin ƙira da zama biyu. Ka tambaya: da wane kaya za a yi, ina ake ƙerawa, kuɗin ya haɗa da wucin gadi da gyaran cizo, kuma wa zai ɗauki nauyi in ƙirar ba ta shiga ba. In aljihu bai kai ba, ka faɗa kai tsaye. Likita na iya rage tudun mai rauni ya rufe shi da farin ciko a zama ɗaya. Bai kai onle ƙarko ba, amma yana riƙe haƙorin har a samu hali, kuma ya fi cirewa nesa ba kusa ba.

In wata rana ƙirar ta fita, kada ka mayar da ita da gam ɗin kasuwa, kada kuma ka kwana da ita a baki tana motsi. Ka wanke ta, ka sa a 'yar roba mai marfi don kada ta fashe, ka daina tauna ta wannan gefen, ka kai wa likita cikin kwana ɗaya ko biyu. In ita da haƙorin ba su sami lahani ba, sau da yawa sharewa kawai ake yi a sake mannewa.